Yadda Ake Fitar da Kayan da Ba a Buƙata Daga Gidan Tarihi Ba Tare da Cin Amana Ba

Wanda ya taɓa aiki a gidan adana kayan tarihi ya san cewa abin da baƙi ke kallo a bayan gilashi ɗan kaɗan ne daga abin da gidan ya mallaka. Sauran suna sito: randuna a jere, sirdi da linzami, akusa, tsofaffin tabarmi, ƙorai sittin iri ɗaya da aka sayo rana ɗaya a kasuwa ɗaya. Wuri ya cika, rufi yana yoyo, gara ta fara ci, ma'aikata ba su kai yawan aikin ba. Wata rana sai babba ya leƙo ya ce a rage tarkacen nan. Daga wannan umarni na baki ɓarna takan fara, domin a cikin abin da aka kira tarkace akwai na aro, akwai na ajiya, akwai wanda babu irinsa a ko'ina.

Rage kaya ba laifi ba ne, wani lokaci ma wajibi ne, domin gidan da ya tara abin da ba zai iya kula da shi ba yana kashe na kirkin tare da na banza. Sai dai kayan ba na darakta ba ne, ba na kwamishina ba ne. Amanar jama'a ce, kuma yadda abu ya shigo da takarda, haka zai fita da takarda. Aiki biyu ne a nan, kada a haɗa su. Na farko shi ne yanke hukuncin soke abu daga rajistar gidan. Na biyu shi ne fitar da shi a zahiri zuwa wani wuri. Ba a yin na biyu sai na farko ya kammala.

Fara da abin da ba kayan tarihi ba ne

Kafin ka taɓa ko abu ɗaya mai lamba, zagaya siton da alli ko takardar manne, ka raba abin da ke ciki gida uku: kayan tarihi, kayan aikin gida, da shara. Za ka tarar da karyayyun kujerun ofis, gwangwanayen fenti, tsofaffin allunan baje koli, fanka da ta mutu, kwalayen da babu komai ciki. Waɗannan sukan cinye wuri mai yawa, kuma fitar da su ba ya buƙatar komai sai bin ƙa'idar ofis ta kayan da suka tashi aiki. Wannan rarrabewa tana cikin abubuwan farko da tsarin gyaran sito na RE-ORG yake koyarwa, tsarin da ICCROM, cibiyar ƙasa da ƙasa ta kula da kayan tarihi, ta fito da shi tare da UNESCO, wanda aka yi horo a kansa a gidan tarihi na Jos a 2017. Sau da yawa bayan an kwashe sharar an kafa kantoci, sai a ga matsalar wuri ta ragu ƙwarai, jerin abin da ake son fitarwa ya gajarta.

Mataki na farko: kana da ikon fitarwa?

Kowane gida yana da takardar da ta kafa shi, ita za ka fara karantawa. Akwai gidajen da doka ta ɗaure wa hannu gaba ɗaya. A Ingila, dokar 1963 ta hana British Museum rabuwa da kayansa sai a 'yan yanayi kaɗan, kamar abin da yake da kwafi ko wanda ya lalace har ba shi da amfani. A Faransa kayan gidajen tarihi na gwamnati ba sa fita daga mallakar ƙasa, shi ya sa sai da majalisa ta yi doka ta musamman a Disamba 2020 kafin a mayar wa Jamhuriyar Benin kayan fadar Abomey guda 26 a shekarar da ta biyo.

A Najeriya, dokar da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa a 1979 ita ce madogara. Ta lasafta aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi, har da makamai, kayan sarauta, ganguna da rubuce-rubucen hannu, haka nan abin da aka yi amfani da shi a bukukuwan gargajiya idan yana da muhimmancin tarihi ko na fasaha. Ta hana saye da sayar da irin waɗannan kaya sai ta hannun wakilin da hukumar ta amince da shi, ta kuma hana fita da su ƙasar waje ba tare da izini a rubuce ba. Saboda haka ko gidanku na jiha ne, ko na jami'a, ko na fadar sarki, ba za ku iya kai tsohon sulke ko tambari kasuwa ba don kawai naku ne. Rubuta wa hukumar, ka jira amsa a rubuce.

Idan gidanku ba shi da rubutacciyar manufa ta karɓar kaya da fitar da su, tsaya nan ka rubuta ta, hukumar gudanarwa ta amince da ita. Shafi uku ya isa: irin kayan da gidan yake tarawa, dalilan da za su iya sa a fitar da abu, wanda ke da ikon yanke hukunci, da inda kuɗi zai tafi idan an samu. Ƙa'idojin ɗa'a na Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya, wato ICOM, waɗanda aka amince da su a 1986 aka sabunta a 2004, suna da sashe a kan wannan batu, kuma a kansa yawancin gidaje ke gina tasu manufar.

Mataki na biyu: na waye?

A nan aikin yake, kuma a nan aka fi yin kuskure. Zaman abu a sitonku shekara hamsin bai mayar da shi naku ba.

Ɗauki abu ɗaya, ka nemi lambarsa, ka bi ta zuwa littafin rajista. Daga nan ka nemi fayil ɗinsa: rasiɗin saye, wasiƙar kyauta, takardar aro, wasiƙar godiya da aka aika wa mai shi, ko da bayanin taron da aka ambace shi. Abin da kake nema shi ne hanyar da ya shigo. Idan saye ne da kuɗin gida, magana ta yi sauƙi, sai dai ka duba ko wanda ya ba da kuɗin ya gindaya sharaɗi. Idan kyauta ce, karanta wasiƙar kalma bayan kalma, domin wasu sukan ce a ajiye shi a wannan gari kawai, ko kada a raba shi da 'yan'uwansa.

A ƙasar Hausa da yawan kayan da ke gidajen tarihi da baki suka shigo. Hakimi ya aiko da takobin kakansa a nuna wa baƙi lokacin buɗe gida, ba a dawo da shi ba, shi ma bai aiko a karɓa ba. Iyalin wani malami sun kawo gafaka cike da takardu don gudun gobara ko rikicin gado. A wurinsu ajiya suka bayar, a littafinku wani ya rubuta kyauta. Akwai kuma abin da aka bayar waƙafi, wanda a shari'a ba a sayar da shi, ba a gādonsa, ba a kyautar da shi. Akwai wanda 'yan sanda ko kwastam suka kama suka kawo ajiya kafin shari'a ta ƙare. Duk waɗannan ba naku ba ne da za ku yanke musu hukunci. Abin aro da na ajiya hanyarsa ɗaya: a nemi mai shi ko magadansa.

Neman magada aiki ne na ƙafa. Je unguwar, ka gaida mai unguwa, ka tambayi dattawa, ka nemi tsofaffin ma'aikatan gidan da suka yi ritaya. Tsohon masinja ko mai gadi yakan tuna ranar da aka kawo abu da wanda ya kawo shi, alhali fayil ya ɓace. Rubuta abin da suka faɗa, da rana, su sa hannu.

Sai abin da ba shi da lamba, ba shi da takarda, ba wanda ya san shi. Kada ka ɗauka wannan ne mafi sauƙin fitarwa. Sau da yawa lambar ce ta goge ko alamar ta tsinke, kuma a littafi akwai wani abu da aka rubuta ya ɓace wanda shi ne wannan. Gwada siffarsa da jerin abubuwan da suka ɓace tukuna. Idan bai dace da komai ba, ba shi lambar wucin gadi, ka ajiye shi gefe har a gama ƙidayar siton duka.

Mataki na uku: rubuta dalili

Dalilan da ake karɓa sanannu ne: abin ya lalace yadda ba ya gyaruwa, ko yana da haɗari ga mutane ko ga sauran kaya, ko ba ya cikin abin da gidan yake tarawa kuma wani gidan zai fi amfana da shi, ko akwai irinsa da yawa, ko an gano jabu ne, ko an gano ta hanyar sata ko ƙwace ya shigo.

Dalilin "akwai irinsa" yana buƙatar taka-tsantsan fiye da sauran. Tsakanin 1950 da 1972 British Museum ya sayar da farantan tagulla na tsohuwar masarautar Benin ta Najeriya sama da 30 a kan cewa kwafi ne na waɗanda yake da su, kuma Najeriya ta sayi da dama daga ciki. Daga baya masana suka nuna cewa kowane ɗaya da kansa aka zuba shi, wasu ma bibbiyu aka yi su don su zauna tare. Aikin hannu da wuya ya zama kwafi. Rigunan saƙi goma da suke kama da juna a idon ma'aikacin ofis, ɗinkin aska biyu ne a wannan, aska takwas a wancan, wannan bugun Kura, wancan na wani gari. Shi ya sa nake ganin kafin a rubuta "akwai irinsa" a kira mai sana'ar. Baduku ya duba kayan fata, maƙeri ya duba ƙarfe, marini da masaƙi su duba tufa. Abin da za su gaya maka cikin minti goma ba ya cikin kowane fayil.

Akwai dalilan da ba a karɓa ko da an yi musu ado. Neman kuɗin albashi ko gyaran rufi ba dalili ba ne. Rashin sha'awar shugaba na yanzu ba dalili ba ne. Haka nan ƙyamar abu saboda abin da yake wakilta. Kayan bori, layu, gumakan Nok, tufafin Turawan mulki, duk shaidu ne na abin da ya faru a ƙasar nan, kuma ajiye shaida ba yarda da aikin ba ne. Idan nuna abu yana tayar da hankalin jama'a, a sauke shi daga baje koli a mayar sito, ya ci gaba da zama a rajista.

Mataki na huɗu: duba lafiyar abin, da taka lafiyar

Ɗauki hoto ta kowane ɓangare, da ma'auni a gefe da lambar a fili. Rubuta tsawo, faɗi, abin da aka yi shi da shi, da duk wata alama ko rubutu da ke jikinsa. Idan dalilin fitarwa lalacewa ce, sai ƙwararren mai gyaran kayan tarihi ya duba ya rubuta rahoto. Tufar da asu ya shiga ba lallai ta mutu ba: ana rufe ta cikin leda a sa a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili na mako guda, ƙwarin da ƙwayayensu su mutu.

Sa safar hannu da takunkumi. A da ana shafa wa fatun dabbobi, gashin tsuntsaye da tufafi guba irin su asenik, gishirin zaiba da DDT don korar ƙwari, kuma gubar tana nan a jikinsu. Irin wannan ba a ba makaranta don yara su taɓa, ba a mayar wa iyali su sa a jiki ba tare da gargaɗi a rubuce ba. Tsohon fim na naitiret yana kamawa da wuta cikin sauƙi kuma ruwa ba ya kashe ta da wuri. Tsohuwar bindiga tana iya kasancewa da albarushi a cikinta, kibiya tana iya kasancewa da dafi. Bindiga da harsashi sai da 'yan sanda. Hauren giwa kuma cinikinsa tsakanin ƙasashe haramtacce ne a ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji da tsirrai masu fuskantar ƙarewa.

Mataki na biyar: hukunci na kwamiti

Mutum ɗaya ba ya yanke wannan hukunci, komai girmansa. Ma'aikacin da ke kula da sashen ya rubuta takardar shawara a kan kowane abu, darakta ya duba, hukumar gudanarwa ta zauna ta amince ko ta ƙi, a rubuta a bayanin taro. Yana da kyau a sa mutum ɗaya daga waje, malamin jami'a ko wakilin masarauta. Duk wanda ke da wata alaƙa da abin ya faɗa ya fita daga zaman. Ko manyan gidaje haka suke yi: sai da hukumar gudanarwar Smithsonian a Amurka ta kaɗa ƙuri'a a Yunin 2022 ta soke kayan Benin 29 daga rajista, sannan aka miƙa mallakarsu ga Najeriya a Oktoba.

Mataki na shida: ina zai tafi?

Akwai jeri, kuma ana binsa daga sama. Abin da aka gano na wasu ne, ko na sata, ya koma ga masu shi. Ƙasusuwan mutane da kayan da al'umma ke ɗauka da tsarki, a zauna da al'ummar a ji abin da suke so.

Abin da yake naku halak malak, a fara tayin sa kyauta ga wani gidan tarihi na jama'a. Tukwanen da suka yi wa gida ɗaya yawa suna iya zama abin da wani yake nema. Rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami suna da wuraren da suka ƙware a kansu, kamar Gidan Arewa a Kaduna ko cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, kuma ina roƙon kada a taɓa sa su a jerin abin da za a lalata, ko da warƙa ɗaya ce ta rage. A Birtaniya al'adar gidajen da aka tantance ita ce a yi shela ga sauran gidaje a jira aƙalla wata biyu. Ku ma ku rubuta wasiƙu, ku sa wa'adi, ku ajiye kwafin duk amsar da ta zo. Ka tambayi mai karɓa inda zai ajiye abin da wanda zai kula da shi, domin kai kaya daga sito mai yoyo zuwa wani mai yoyo bai gyara komai ba.

Idan babu gidan da ya karɓa, sai makarantu, kwalejoji da ɗakunan karatu, ko sashen ilimi na gidanku, inda yara za su riƙe akushi da ludayi a hannunsu. A gaya wa kowa cewa abin da ya shiga wannan rukuni zai tsufa ya ƙare, kuma an yarda da hakan.

Kayan gidan tarihi ba tsaraba ba ne ga manyan baƙi. A 1973 an ɗauki wani kan tagulla na Benin daga gidan tarihi na Legas aka kai wa Sarauniya Elizabeth kyauta a ziyarar shugaban ƙasa, kuma bai dawo ba. Idan ana son karrama baƙo, a sa masu sana'a na yau su yi sabo, su ma su samu ciniki.

Sayarwa tana can ƙasa, kuma ga abin da doka ta kira kayan tarihi a Najeriya ƙofar kusan a rufe take. Inda ta halatta, a sa masu kimantawa biyu da ba su da alaƙa da juna su sa farashi, a yi gwanjo a fili, ba ciniki a ɗaki da dillali ba. Ma'aikaci, ɗan kwamiti, matarsa, ɗansa, surukinsa, babu wanda zai saya, ko kai tsaye ko ta hannun wani. Ƙa'idojin ICOM sun hana wannan ƙarara.

Lalatawa ita ce ta ƙarshe, ga abin da ya zama gari ko yake da haɗari. A yi ta gaban shaidu biyu, a ɗauki hoto, a lalata shi sosai yadda ba zai ɓullo a kasuwa ba bayan wata shida, a sa hannu a takarda.

Mataki na bakwai: kuɗin

Idan kuɗi ya shigo, a buɗe masa asusu daban, a kashe shi a kan kayan tarihin kansu: sayen wani abu da gidan ke buƙata, ko kula da waɗanda suka rage. Ba na albashi ba ne, ba na man janareta ba ne, ba na baitulmalin jiha ba ne. A Yulin 2014 majalisar garin Northampton a Ingila ta yi gwanjon wani mutum-mutumi na tsohuwar Masar mai suna Sekhemka a kan fam miliyan 15.76 don faɗaɗa ginin gidan tarihinta. An raba kuɗin da magajin wanda ya kawo shi tun asali, abin ya shige hannun mai saye da ba a bayyana ba, kuma cikin 'yan makonni aka janye wa gidan takardar tantancewa, wadda da ita ake neman tallafi da yawa. Akwai wata asarar da ba ta shiga lissafi: iyalin da suka ji an sayar da abin da wani ya bayar ba za su kawo nasu ba.

Mataki na takwas: rufe littafi

Kada ka goge komai, kada ka yaga shafi, kada ka shafa farin fenti. A layin abin a cikin rajista, ja siririn layi da jan biro yadda rubutun zai ci gaba da karantuwa, ka rubuta a gefe cewa an soke, da rana, da lambar bayanin taron da ya amince, da inda abin ya tafi, ka sa hannu. Idan kuna da rajista a kwamfuta, canza matsayinsa kawai, bayanin ya zauna.

Fayil ɗin abin yana zama a gidan har abada, da hotuna, rahoton ƙwararre, wasiƙun tayi, amsoshi, da takardar miƙawa mai sa hannun ɓangarorin biyu. Mai karɓa ya tafi da kwafin tarihin abin, domin tukunya ba tare da sunan garinta da maginarta ba ta rasa rabin darajarta. Idan wani gidan tarihi ne ya karɓa, a bar tsohuwar lambar a jikin abin, tana cikin tarihinsa. Idan makaranta ce ko mai saye, a yi masa alamar cewa an soke shi, kada wata rana a ɗauka na sata ne.

Sanar da jama'a. Jerin abin da aka fitar, da dalili, da inda ya tafi, ya shiga rahoton shekara, a kuma aika wa iyalan da suka bayar wasiƙa kafin su ji a bakin wani. Lambar abin da aka soke ba a sake ba wani abu ita. Idan 1974.23 ya tafi, wannan lamba ta tafi tare da shi, sabon abin da ya shigo ya karɓi tasa.